Farin Ruwan Malam Sale

Ba na son a ce mini mai yanka ganye. Na faɗa a gida, na faɗa a bakin get, yanzu da hannuna ya iya biro ga shi na rubuta. 'Yan matan unguwa da ke zuwa wai in koya musu sana'a su suka fi damuna da wannan magana. Yarinya za ta zo da farce zaƙo-zaƙo, ta zauna a kan bencina ta ce, "Iya Laure, ai garau-garau ba wani abu ba ne. Shinkafa da wake, a yanka salak a zuba." To madalla. Shinkafa da wake wuta ta gama musu shari'a kafin su shiga cikin mutum. Salak kuwa ba ya ganin wuta. Yadda ya fito daga lambu, da hannun da ya taɓa shi da ruwan da ya sha, haka zai gangara cikin ɗan mutane. A nan sana'ar take. Saura duk dahuwa ce, ko makaho ya iya.

Aikina na farko a hannun Goggo Delu, ƙanwar mahaifina, wanki ne. Tana sayar da abinci a bakin wata masaƙa a Bompai, tun zamanin da in aka busa jiniyar tashi sai ka ce an buɗe garke. Na daɗe a gabanta ba ta bari na taɓa wuƙa ba. Za ta ajiye mini kwandon salak ta ce in ɓare shi ganye-ganye, in buɗe gindin kowanne da babban yatsa, domin a nan yashi ke kwana. Baho na farko na ƙasa ne, na biyu na gishiri, na ƙarshe na ɗauraya. In na gama sai ta zaro ganye guda ta ɗaga shi saitin rana, ta ƙanƙance ido. Ta ga ƙwayar yashi ɗaya, kwandon gaba ɗaya ya koma baho, ni kuma na sha ranƙwashi.

"Mai ci zai yafe miki ƙarancin mai," in ji ta, "amma tsakuwa a haƙori, har jikokinki sai ya ba su labari."

Ita ta koya mini wuƙar ganye daban, ta nama daban, ko aron juna ba sa yi. Ita ta koya mini a tsane salak a gwagwa kafin a yanka, kuma kada a yanka da yawa, a riƙa yi kaɗan-kaɗan yadda layi ke tafiya, domin yankakken salak in ya ji zafin rana kwanciya yake kamar wanda aka yi wa mutuwa. Allah Ya jiƙan Goggo. Duk abin da ido ke gani ta koya mini yaƙi da shi, kuma ta yi nasara. Abin da ido ba ya gani, ita ma ba wanda ya gaya mata.

Da masaƙar ta rufe, sai na ɗauki tukunyata na koma Challawa, bakin get ɗin wani kamfanin lemo, inda nake har yau. Masu cin abincina ba 'yan kamfanin kaɗai ba ne. Da rana 'yan majema kan tsallako titi, hannuwansu rine, warin fata na riga su isowa. Akwai mutanen Jigawa masu son yaji har sai hanci ya zubo, akwai 'yan Nijar. A cikinsu akwai wani dogo, Isuhu, mutumin Maraɗi, mai ɗaukar kaya a sito. Shi ba ya cewa salak.

"Iya, a ƙara ciyawa."

"Kai akuya ne?"

"Akuyar ma ta fi ni gata, ita ba a auna mata da cokali."

"To je ka kiwo, ga fili can."

Kullum sai mun yi, kullum kuma sai na ƙara masa.

Sayen ganye shi ne rabin sana'ar, kuma nan ne 'yan mata ba sa son ji, domin sai an yi sammako. Duk wanda ya zauna a yankinmu ya san ruwa da kala yake tafiya. Na majema baƙi ne ƙirin, da kumfa da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Na masu rini yau shuɗi, gobe ja. Magudanar da ke fitowa daga Sharada kuwa ba ka iya cewa ga kalarta, kowane kamfani ya zuba nasa. Saboda haka mu mutanen nan ido da hanci muka ɗauka alƙalai. Ruwan da ya yi kala, a guje shi. Wanda ya yi fari garai, alhamdu lillahi. Wasu 'yan lambu in sun tuge ganye, a bakin magudanar nan suke tsoma shi su girgije, ka kai hanci ka ji majema a jikinsa. Ni ban taɓa saye a wajensu ba. A wajen Malam Sale nake saye, wani dattijo ɗan asalin wurin, wanda ya gaji lambunsa a fadama. Da safe yakan hau da kwandunansa bakin titi, mu mata muna jira. Salak ɗinsa wankakke tas, yana sheƙi, ruwa na ɗiga, ba wari ko kaɗan. Har faɗa ake a kansa. Shekara da shekaru ina saye, ban taɓa gangarawa na ga inda ake yin wankin ba. Me zan je gani? Ganyen na gabana yana ba da shaida.

Shekarar da ta zo mana da tsiya, da bazara ta fara. Mutum biyu suka ce mini cikinsu ya ɓaci. Na ce zafi ne. Sai aka ƙaru. Gudawa, amai, wani da zazzaɓi. Na canza mai garuwar da ke kawo mini ruwa, na koma sayen na famfon burtsatse. Na zubar da yajin da na daka na daka sabo. Na canza mai. Na ƙara gishiri a baho na biyu har salak ya fara yaushi. Abin ya lafa, ya sake dawowa. Rannan na duba layi ban ga Isuhu ba, aka ce yana asibiti ana ƙara masa ruwa, an ɗauke shi a adaidaita sahu ko zama ba ya iya yi.

Ba a jima ba maigadin kamfanin ya fito, yana ta sosa ƙeya, domin shi ma ya ci bashin alherina.

"Iya, daga sama aka ce ki tashi. Ma'aikata na ta kwanciya, kuma duk wanda aka tambaya sai ya ce garau-garau."

Maƙwabta suka ce hannu ne, wata mai abinci ce ke son wurina, in je a duba mini. Na ce wane irin asiri ne wannan mai zaɓen ciki? Domin akwai abin da ya tsaya mini a rai. Wani tsoho mai shara a kamfanin, haƙoransa sun zube, kullum yana ci a wajena amma ba ya karɓar salak, ya ce ba ya taunuwa. Shi ko ciwon kai bai yi ba. Da na bi sauran a kaina ɗaya bayan ɗaya, sai na ga masu cewa a ƙara ganye su ne a kwance. Ganyen da nake wankewa yadda Goggo ta koya mini. Wannan ya fi korar ɗaure mini kai.

A lokacin ina zuwa ajin yaƙi da jahilci a Na'ibawa, da furfurata da komai. An taɓa yi mana darasi a kan ƙwayoyin cuta, wai halittu ne masu rai da ido ba ya gani, suna ci suna haihuwa. Har na yi musu da malamar, na ce in ba a ganinsu wa ya gano suna haihuwa? Ta ce akwai masu kiwonsu a faranti. Aji ya fashe da dariya, ni kuwa na riƙe maganar.

Akwai wata mata a kamfanin lemon, Hajiya Binta, mai aiki a ɗakin gwaje-gwaje, ita ke duba ruwan da suke haɗa lemo da shi. Takan aiko a sayo mata abincina. Na tsaya a tsallaken titi har ta fito, na tare ta.

"Hajiya, an ce kuna kiwon ƙwayoyin cuta a faranti. Gaskiya ne?"

Ta yi dariya. "Gaskiya ne, Iya."

"To ina son ki kiwata mini nawa in gansu."

Na gaya mata zancen tsoho mai shara. Ta ce, "Ba zan iya ce musu ba laifinki ba ne, domin ban sani ba. Amma zan iya dubawa, in ogana ya yarda." Ogan ya yarda, don shi ma rashin ma'aikata ya ishe shi. Sharaɗinsa ɗaya: in aka gwada ganyena aka same shi lafiya, in koma wurina. In ba haka ba, a ba wata. Hajiya Binta ta ba ni wasu 'yan kwalabe a rufe da ledoji sababbi. Ta ce kada in buɗe sai zan ɗiba, kada yatsana ya shiga ciki.

"Ki bi ganyen nan da ƙafarki tun daga inda aka tuge shi. Duk ruwan da ya taɓa shi, ɗebo mini. Ki rubuta sunan wurin a jiki. Kin iya?"

"In ban iya ba me nake zuwa yi Na'ibawa, tallan goro?"

Ranar da na fara gangarawa lambun Malam Sale, na ga abubuwan da ban taɓa tunani ba. Na ga fangali-fangali a jere, an sako musu ruwan kogi da inji, yana bi ta ƙasa. Na ga tsibin kashin kaji a gefe, na taki, kaji da zabi na tona. Na ga yadda yake tuge salak da saiwarsa, ya datse gindin da wuƙa, ya jefa a kwando. Na ɗauki ganye a nan, da ƙasarsa, na sa a leda. Daga nan ya ɗora kwandon a ka, ya wuce baƙar magudana ko kallonta bai yi ba, ya yi tafiya mai ɗan nisa har gindin wani gangare. A nan wani ɗan tafki yake, fari garai, kana hango yashin ƙasansa, 'yan kifaye na wulgawa.

"Kin gani, Laure?" ya ce, yana zuba salak a ciki. "Wasu sun ce wahalar banza nake. Tun ubana a nan ake wanki. Ido ne, daga ƙasa yake tsattsafowa, ko da rani ba ya ƙafewa."

Wallahi ni ma da ƙishirwa nake ji da na sha. Na ɗiba a kwalba don dai Hajiya ta ce kowane ruwa. Na ɗauki wankakken ganye na sa a leda. Sai na ce bari in ga daga ina idon ke zuwa, tunda na zo. Na bi damshin yashi na hau gangaren. A da na san saman nan gonakin gero ne. Yanzu gidaje ne sababbi, na bulo, ko filasta ba a yi wa wasu ba, sun juya wa fadama baya. Kowane gida da bututunsa ya leƙo ta bayan katanga. Ƙarƙashinsu ciyawa ta yi kore shar a tsakiyar bazara. Ruwan ba ya gudu a sama balle a gan shi. Nutsewa yake cikin yashi.

Da na koma gida na ɗibi ruwan bahona a kwalba, na sake wanke ganyen Malam Sale da gishiri yadda na saba, shi ma na sa a leda. Ɗakin Hajiya Binta sai da aka sa mini farar riga da hula kafin in shiga, na zama kamar mai aikin asibiti. Farantan ƙanana ne, kamar murfin gwangwani, masu haske, a ciki an zuba wani abu ya daskare kamar kokon da ya kwana. Ta ce abincinsu ke nan. Ta shafa wa kowanne nasa, ta jera su a wani akwati mai ɗumi irin na ƙyanƙyasar ƙwai. Na leƙa ban ga komai ba.

"Ina suke?"

"Sai sun hayayyafa. Je ki, zan aiko miki."

Da ta aiko na koma, ta jera mini su a kan tebur, kowanne da rubutun hannuna a gefe. Na ruwan bahona, fes, sai ɗigo ɗaya can a gefe. Na ganyen da na ɗauko da ƙasarsa, ɗige-ɗige nan da can, ana iya bin su da ido. Na farin ruwan Malam Sale kuwa, kamar an watsa gero a faifai, har sun hau kan juna. Na wankakken ganyensa, haka. Na ganyen da na sake wankewa da hannuna da gishirina, sun ragu, amma suna nan da yawansu.

Na sunkuya na daɗe ina kallo. Ta ce kowane ɗigo gari ne guda, daga ƙwaya ɗaya suka hayayyafa har ido ya iya ganinsu.

"Waɗannan masu kalar," ta nuna da biro, "a hanjin mutum da na dabba suke zama. In aka gan su a ruwa, an san ta inda suka biyo."

"Wato kashi."

"Wato kashi, Iya."

"Gishirina fa? Wasa nake yi duk shekarun nan?"

"Ba wasa ba ne, dubi yadda ya rage su. Amma wanki ragewa yake, ba ya ƙarewa. Ganyen da aka datse, aka jiƙa shi a ruwan nan, ya sha ta wurin yankan, sun shige lunguna. In kaɗan ne a bayan ganye, wankinki zai iya da su. In an yi musu masauki a ciki, sai dai wuta."

Na tambaye ta baƙin ruwan majema fa, ko ashe shi ne mai gaskiya? Ta ce kul, shi ma ba alheri ba ne, tasa gubar daban ce, a hankali take cin mutum. Na roƙe ta farantin in kai wa Malam Sale. Ta ce ba a fita da shi, ƙonawa ake. Ta karɓi wayata ta ɗauka mini hoto.

Da la'asar na same shi yana gyara mesar injinsa. Na gaishe shi yadda ya kamata, na tsuguna, na nuna masa. Ya karɓi wayar ya nisanta ta da fuskarsa.

"Ni dai ɗige-ɗige nake gani."

"Su ne, Malam. A ruwanku suke."

"Laure, ki ji tsoron Allah. Ruwan da launinsa bai canza ba, warinsa bai canza ba, ɗanɗanonsa bai canza ba? Ko alwala an yarda a yi da shi. Ki tambayi duk malamin da kike so."

"Ni ban zo gardamar alwala ba, Malam, kun fi ni sani. Amma mutanena ba alwala suke yi da salak ba, ci suke. Ɗaya na can a gadon asibiti."

"Ni zan kwantar da mutum? Ni da nake wuce ruwan majema da kaya a kai, da tsufana?"

"Ba wanda ya ce kun yi ha'inci. Ku ɗauko fartanya ku biyo ni."

Ya biyo ni yana faɗa, wai mace ta yi karatun tsufa ta zo tana koya masa ruwan ubansa. Na bar shi ya yi ta yi. Da muka kai ƙarƙashin bututun nan na ce ya sara. Sara ɗaya, farin yashi ya buɗe, na ƙasa baƙi ne, ruwa ya taru a ramin. Warin da ya taso ba ya bukatar tafinta. Malam Sale ya tsaya da fartanya a hannu. Ya dubi gidajen, ya juya ya dubi tafkinsa can ƙasa yana ƙyalli. Ya yi salati a hankali.

Muna saukowa na ce, "Daga gobe ku ba ni nawa ba wanki. Da ƙasarsa nake so."

"Sauran matan fa? In na hau titi da ganye duk taɓo, su ce Sale ya tsufa ya zama ƙazami, su koma wajen masu tsomawa a magudana. Kin gyara ko kin ɓata?"

Na ce zan nuna musu hoton, mai ji ta ji.

"Ni dai," ya ce, "ubana bai taɓa miƙa wa mutum ganye da datti ba. Hannuna ba zai fara ba."

"To nawa hannun zai fara."

Washegari da sassafe na ɗauko bahona busasshe da wuƙar ganye da sabuwar leda guda da Hajiya Binta ta ba ni don gwaji na biyu. Na wuce matan a bakin titi suna jiran kwanduna. Wata ta ɗaga murya, "Laure, an kore ki a get kin koma noma?" Na ce ta jira ni in hau, ina da hoton da zan nuna mata kafin ta karya kumallo. Na gangara, na tuɓe takalmi, na ɗaure zani, na shiga fangali. Ban taɓa yankan salak a tsaye a gona ba. Na farko na datse shi a karkace, ganyen ya watse. Na biyu na taka na kusa da shi.

Malam Sale na tsaye a kan kunya, hannu a baya, yana kallo. A na uku ya kasa daurewa.

"Ke! Za ki kashe mini fangali. Ba a nan ake kamawa ba. Kawo wuƙar."

Na miƙa masa. Ya sunkuya, ya tattare ganyen da hannun hagu, ya yanke gindin ɗan sama da turɓaya, ya jefa a bahona ba tare da ya dube ni ba. Ya yi ta yi har ya cika. Na zaɓi guda na sa a ledar Hajiya na ƙulle. Ya taya ni na ɗora bahon a ka, ƙasa na zubo mini a kafaɗa, na bi ta gefen farin ruwan na wuce, na hau titi.